Malta a Firijin Maraɗi da Inda Kamfanonin Giya Za Su Dosa Nan Gaba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sayar da kayan sanyi a Maraɗi, a wani shago da ke bakin hanyar da motocin Ɗan Isa da Jibiya suke bi, kuma a tsawon wannan lokaci, in aka cire ruwan leda, babu abin da ya fi malta saurin fita daga firijina. Ita ake kai wa mai jego, ita ake ajiye wa baƙon da ake jin nauyinsa, ita ake jerawa a gaban waliyyan ango ranar ɗaurin aure, kuma da azumi mutum yakan tsaya gab da magariba ya sayi gwangwani biyu ya haɗa da dabino ya wuce gida. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne, makonni kaɗan bayan Babbar Salla wani dila da nake sari a hannunsa ya sauke mini katan biyu na wata koriyar kwalba mai lambar 0.0 a wuyanta, wato giyar da aka ce ba ta da barasa, ya ce mini, "Alhaji, ajiye wannan ka gwada, nan da shekara biyu ita za ta kori malta daga kasuwa, domin ko a Turai ita ake yayi." Maganar ba ta kwanta mini ba, amma ban so in ƙi ta da ka kawai, don haka na ɗauki kusan wata guda ina ɗanɗana abin da ke cikin firijina ɗaya bayan ɗaya, ina karanta rubutun da ke jikin kowane gwangwani, ina kuma lura da wanda ke sayen wace da lokacin da yake sayenta.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a fara faɗa, domin da yawa daga cikin masu sayayya a wurina ba su san ta ba, wasu kuma sun sani amma ba su son a ambata: maltar da muke sha kamfanonin giya ne suke yin ta. Maltina ta kamfanin Nigerian Breweries ce, wanda aka kafa a Legas a 1946, ya fitar da giyarsa ta farko, Star, a 1949, sannan ya kawo Maltina kasuwa a 1976, ya biyo da Amstel Malta a 1994. Malta Guinness ta kamfanin Guinness na Najeriya ce, wanda ya buɗe masana'antarsa a Ikeja, kuma maltarsa ta shiga kasuwar Najeriya a 1990. Beta Malt da Grand Malt na International Breweries ne, reshen AB InBev, kamfanin giya mafi girma a duniya. Saboda haka duk wanda yake son ya hango abin da waɗannan kamfanoni za su turo wa talaka gobe, a yankinmu dai, to ya duba firijin mai shago irin nawa, domin ta nan ne suke shiga gidajen da giyarsu ba za ta taɓa shiga ba.

Yadda ake yin malta ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin mahaifiyarsa tana haɗa kunun zaƙi. Ana jiƙa hatsi, sha'ir ko dawa, a bar shi ya yi tsiro, a shanya shi ko a gasa shi, a niƙa, a dama da ruwan zafi, sai tsiron ya mayar da garin hatsin ya zama zaƙi, a tace ruwan a tafasa shi. Daga nan hanya take rabuwa biyu. Mai yin giya yakan zuba yis a cikin wannan ruwa ya bar shi kwanaki, yis ɗin ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa. Mai yin malta ba ya zuba yis ko kaɗan. Yakan ƙara sukari da ƙonannen sukari mai ba ta launi da wasu bitamin, ya cusa mata iskar da ke sa kumfa, ya rufe, ya dumama ta a cikin mazubinta don kashe duk wata ƙwayar da za ta iya sa ta tsami. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa a gaba, domin malta ba ta taɓa zama giya ba balle a ce an cire mata wani abu, ita kuwa kwalbar da dilan ya kawo mini labarinta daban ne.

Na fara da Maltina domin ita ce ta ba wa sauran suna. A Maraɗi yaro yakan zo ya ce a ba shi "maltina" alhali ko wace iri aka miƙa masa zai karɓa. Tana da kauri a baki, zaƙinta a fili yake, ƙamshinta kamar na burodi da aka fito da shi daga tanda, kuma in ta yi sanyi sosai kumfarta takan tsaya a kofi na ɗan lokaci. Ita ce ta biki da suna, ita mata suka fi tambaya, kuma ita ce wadda ba na jin tsoron sarinta da yawa domin ba ta kwana. Malta Guinness ta fi ta duhu, akwai ɗanɗanon gasasshen hatsi a cikinta da wani ɗan ɗaci-ɗaci can a ƙarshen harshe wanda yake rage nauyin zaƙin, kuma na lura direbobin manyan motoci da masu dako su ne suka fi nemanta, galibi da rana tsaka, su shanye a tsaye. A wurina ita ce ta fi dacewa da abinci mai maiƙo, musamman tsire ko balangu. Sai dai akwai dattawan da ba su karɓarta saboda sunan da ke jikinta kawai, kuma zan dawo kan wannan batu domin yana da muhimmanci fiye da yadda kamfanonin suke zato. Amstel Malta ta fi su sauƙi a baki, ba ta da kauri sosai, kuma kamfanin yana tallarta a matsayin mai ƙarancin sukari. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su ne masu sayenta a shagona. Idan aka ce in zaɓi guda ɗaya in sha bayan la'asar a watan Afrilu, ita zan ɗauka, domin ba ta barin mutum da ƙishirwa kamar sauran. Beta Malt da Grand Malt ba su da wani abin da za a daɗe ana bayani a kai: suna da daɗi daidai gwargwado, sun ɗan fi araha, kuma mai biki da yake son ya cika ɗaki da katan-katan ba tare da ya karya jarinsa ba yakan koma gare su.

Akwai wasu biyu da na ware daban domin a ganina su ne suke nuna hanyar gaba. Fayrouz asalinta daga Masar take, daga kamfanin Al Ahram, wanda Heineken, kamfanin giya na ƙasar Holland, ya saya a 2002, daga baya Nigerian Breweries ya fara yin ta a Najeriya. Ba baƙa ba ce, garau take kamar lemu, tana da ɗanɗanon ƴaƴan itace irin su abarba, kuma mutum ba zai ce da hatsi aka yi ta ba sai an faɗa masa. Barbican kuwa daga ƙasashen Larabawa take zuwa, ta kamfanin Aujan ce, kuma alhazanmu sun san ta tun a Makka da Madina, shi ya sa ba a yi mata tambayar da ake yi wa sauran. Tana da tsada a nan saboda nisan hanya, ba kowa ke saye ba, amma duk ranar da na samu ƴan katan, musamman mai ɗanɗanon rumman ko tuffa, matasa ne suke kwashe ta su tafi da ita fada, wato majalisar hirarsu. Ba ƙaramin abu ba ne a ce Coca-Cola ta amince a 2011 ta biya dalar Amurka miliyan 980 don ta mallaki kusan rabin harkar abin sha ta Aujan. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ya ga inda kasuwar ƙasashen Musulmi ta nufa.

Babban aibin da na gani ya shafi malta gaba ɗayanta, ba wata guda ba, kuma shi ne sukari. Duk wanda ya juya gwangwani ya karanta zai ga ana rubuta yawan sukarin da ke cikin kowane mililita 100, kuma galibin kayan zaƙi na kwalba suna kai gram 10 ko fiye a wannan ma'auni. Gwangwani kuwa mililita 330 ne, don haka sai a ninka sau uku da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini, wanda ga babban mutum ya kama kimanin gram 50. Ke nan gwangwani biyu sun wuce da mutum iyaka tun bai sha shayin safe ba, mu kuwa a nan mun san irin sukarin da ake zuba wa shayi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ina ganin mutanen da na san suna fama da ciwon sukari suna aiko yara su saya musu malta da tunanin cewa ta fi lemun kwalba lafiya. Akwai kuma al'adar haɗa malta da madarar gwangwani a ba wa mai jego ko wanda ya tashi daga zazzaɓi wai don ta ƙara masa jini. Haɗin yana da daɗi kuma yana ba da kuzari na ɗan lokaci, amma ba maganin ƙarancin jini ba ne, kuma na sha gaya wa masu saye cewa hanta da wake da zogale sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayayya a wurina ta taɓa ce mini, "Ɗana, kai da kake sayarwa kai ne kuma kake hana mu?" Na ce mata, "Hajiya, ban hana ki ba, ki sha don daɗi, amma maganin jini ki nema a wurin likita." Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari a dokar kuɗinta ta 2021, kuma ko da yake kuɗin kaɗan ne, alama ce ta cewa hukumomi sun fara sa ido, kamfanoni kuma suna karanta irin wannan alama tun kafin mu.

Yanzu ga koriyar kwalbar. Dilan bai yi ƙarya ba da ya ce ana yayinta a Turai. Heineken ya fitar da giyarsa marar barasa mai lambar 0.0 a 2017, Guinness ya biyo da tasa a 2020, kuma AB InBev ya taɓa sanar da burin cewa zuwa 2025 kashi 20 cikin 100 na giyar da yake sayarwa za ta zama marar barasa ko mai ƙarancinta. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022, kwana biyu kafin a fara wasa aka hana sayar da giya a filayen ƙwallo, sai Budweiser Zero kaɗai aka bari, sannan a wasannin Olamfik na Paris a 2024 giyar da aka ɗora sunanta a matsayin mai ɗaukar nauyi ita ce Corona Cero, wadda ita ma ba ta da barasa. Dalilin wannan yayi a can a bayyane yake: mutanen da suka tashi da shan giya suna son su rage saboda lafiya ko tuƙi ko aiki, amma ba su son su rabu da ɗanɗanon da suka saba da shi, sai kamfanoni suka ba su ɗanɗanon ba tare da buguwar ba.

Irin wannan kwalba galibi cikakkiyar giya ake fara yi, da yis da komai, daga baya a cire barasar, ko dai ta hanyar dumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska don barasar ta tashi ba tare da an ƙona ɗanɗanon ba, ko ta hanyar tace ta da wata matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Wasu kuma sukan tsayar da aikin yis ɗin tun bai yi nisa ba. A nan ne nake roƙon ƴan uwana masu shaguna su buɗe ido wajen karanta rubutun jikin kwalba, musamman mu da kayanmu suke zuwa da rubutun Faransanci ta Kwatano da Lome. A ƙasashe da dama ana kiran abin sha "marar barasa" matuƙar barasar da ke ciki ba ta wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, a dokar Faransa kuwa ana iya rubuta wa giya "sans alcool" har zuwa kashi 1.2. Wanda ya ga waɗannan kalmomi biyu ya ɗauka babu komai a ciki yana iya yin kuskure, kuma mai shagon da ya sayar ba tare da ya duba lambar ba ya ci amanar wanda ya yarda da shi. Hukuncin shan abin da aka fara yinsa giya sannan aka cire masa barasa magana ce ta malamai, kuma sun yi saɓani a kai. Ni dai na tsaya a kan hadisin da ya ce a bar abin da ake kokwanto a kama wanda ba a kokwanto, don haka ban kai kwalbar bakina ba.

Don kada sharhin ya zama na wanda bai san abin da yake magana a kai ba, na ba wa wani maƙwabcina bakanike, mutumin Togo, Kirista, wanda ya san ɗanɗanon giya, kwalba biyu masu sanyi na roƙe shi ya faɗa mini gaskiya. Ya ce ta yi kusa da ta ainihi ƙwarai, da ɗacinta da ƙamshinta, sai dai ta ɗan fi ruwa-ruwa, kuma zai iya shan ta da rana lokacin aiki, amma ba zai biya kuɗin da ya kai na giya ko ya fi don ya sayi wadda ba ta da barasa ba. Wannan amsa ta taƙaita mini matsalar gaba ɗaya. Wanda ya san giya yana ganin tsadarta, wanda bai san giya ba kuma ba shi da dalilin neman ɗacinta, domin bakin da ya tashi da fura da nono da kunun aya da zoɓo zaƙi da tsami yake nema. A kan haka kuma ga siffar kwalbar. Kwana uku kacal ta yi a firijina, a can ƙasa, wani dattijo da muke salla tare ya hango ta ta gilashi, ya kira ni gefe ya ce, "Alhaji, mutane ba za su tsaya karanta lamba ba, kwalbar za su gani." Gaskiya ya faɗa. A gari irin Maraɗi, inda mutuncin ɗan kasuwa shi ne rabin jarinsa, babu magidancin da zai riƙe wannan kwalba a bakin titi yana yi wa masu wucewa bayanin sifili da ɗigo da sifili. Na mayar wa dilan kayansa, ban da kwalba biyun da na biya.

Hasashena shi ne, giya marar barasa za ta ci gaba da bunƙasa a Turai da manyan otal-otal na Legas da Abuja da Abijan, wataƙila da wasu wurare ƙalilan a Yamai, amma abin da kamfanonin giya za su yi ciniki da shi a ƙasar Hausa shi ne malta sabon salo, kuma alamomi uku nake gani a tattare da ita, waɗanda ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi ƙarfi a ciki ita ce dawa. Sha'ir ba ya yi a ƙasarmu, shigo da shi ake yi da kuɗin waje, kuma an taɓa gwada rayuwa ba tare da shi ba: a 1988 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole kamfanoni suka koyi aiki da dawa da masara, kuma ko bayan an ɗage hanin ba su saki dawa ba. A wasu ƙasashen Afirka ma haka aka bi, domin a Yuganda an fitar da Eagle Lager ta dawa a 2002, a Mozambik an yi Impala da rogo a 2011, duk don a samu abin da talaka zai iya saye. Abin da ya faru bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023 ya ƙara tura su wannan hanya: Nigerian Breweries ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 106 a wannan shekara, mafi yawanta saboda canjin kuɗi, kuma a 2024 ya sanar da dakatar da aiki na ɗan lokaci a biyu daga cikin masana'antunsa tara. Kamfanin da ya sha irin wannan wuya ba zai ɗora makomarsa a kan hatsin da ake saya da dalar Amurka ba alhali ga dawa a Kano da Katsina da Kaduna. A nan akwai abin da ke sa ni farin ciki da fargaba a lokaci guda, domin manomi zai samu mai saye da yawa a farashi mai kyau, amma dawa a wurinmu tuwo ce kafin ta zama abin sha, kuma duk wanda ya ga yadda tiya take tashi a kasuwannin Maraɗi daga watan Yuni zuwa kaka ya san abin da zai faru idan manyan motocin kamfani suka fara layi a kasuwannin hatsi na kan iyaka.

Alama ta biyu ita ce mazubi da farashi, kuma wannan darasi ne da kan iyaka ya koya mana da zafi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, a shekarar 2019 ɗin kuma Braniger, kamfanin da ya daɗe yana yin giya da lemun kwalba a Yamai, ya sanar da dakatar da aikinsa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, ba a dawo daidai ba sai a farkon 2024. A waɗannan watanni na ga abin da ke jure wahala da abin da ba ya jurewa. Kwalbar gilashi tana da nauyi, tana fashewa a hanya, kuma sai an mayar da ita, abin da ba ya yiwuwa idan akwai iyaka a tsakani. Gwangwani ya fi sauƙin ɗauka, yana saurin yin sanyi ko a cikin ƙanƙara ne idan babu wuta, amma tsadarsa tana bin kuɗin waje. Gorar roba ta fi araha kuma ana iya rufe ta a ajiye saura, sai dai iskarta tana saurin fita a zafinmu. A lokacin ƙarancin kaya ne kuma na yi asarar da ba zan manta ba, sa'ad da wani ɗan kasuwa da ban saba hulɗa da shi ba ya sayar mini da katan goma waɗanda na sama kawai ke da sauran wa'adi, na ƙasa duk sun wuce ranarsu. Na zubar da su, kuma tun daga ranar ba na karɓar kaya sai na juya gwangwani na ga kwanan wata da lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, na kuma tabbatar bai kumbura ba. Abin da nake sa rai shi ne ƙaramin mazubi, wanda bai kai na yanzu ba, a farashin da ɗan kabu-kabu zai iya cirewa daga cinikin safiya ba tare da ya yi lissafi ba. Da na ji a 2024 cewa Diageo, kamfanin Birtaniya mai giyar Guinness, ya sayar da kashi 58.02 cikin 100 na Guinness ta Najeriya ga Tolaram, kamfanin da ya kai taliyar Indomie kowane lungu da ƙauye, sai na ce lallai masu kuɗin ma sun fahimci cewa gasar da ke tafe ta isar da kaya mai araha ce zuwa ƙaramin shago.

Ta uku ita ce ɗanɗano da suna, kuma a nan ne nake ganin kamfanonin sun yi jinkiri. Abokin hamayyar malta a firijina ba giya ba ce, lemukan ƙarin kuzari ne da matasa suke sha don su hana kansu barci, da kuma zoɓo da ruwan citta da tsamiya da matan unguwa suke kawo mini a gorori, waɗanda suke ƙarewa kafin azahar domin sun fi araha kuma baki ya san su. Maltina ta riga ta gwada abarba da banila, Fayrouz da Barbican sun nuna cewa malta mai haske da ɗanɗanon ƴaƴan itace tana da kasuwa. Wanda ya fara kawo malta ta dawa mai citta ko tsamiya ko zoɓo, da rabin sukarin da ake zubawa yanzu, a ƙarƙashin sunan da ba a taɓa gani a jikin kwalbar giya ba, shi zai kwashi kasuwar daga Maraɗi har Damagaram da Tawa, ya haɗa da Katsina da Sakkwato. Batun suna ba ƙaramin abu ba ne, domin na ga dattijo ya mayar da gwangwani mai sanyi ya karɓi mai ɗumi saboda kawai na farkon yana ɗauke da sunan da ya sani a allon tallar giya. Kuma ba dole ne mai yin wannan ya zama kamfanin giya ba. Maraɗi gari ne na ƴan kasuwa masu jari, ga dawa, ga citta tana zuwa daga kudancin Kaduna, ga zoɓo ana nomawa a gonakinmu, kuma malta da aka yi a masana'antar da ba a taɓa dafa giya a cikinta ba za ta kawar da kokwanton da ya rage a zukatan mutane da yawa.

Ga mai saye a yau, shawarata ita ce Maltina don biki da baƙi, Malta Guinness ga mai aikin ƙarfi da ba ya son zaƙi ya yi masa yawa a baki, Amstel Malta ga mai son abu marar nauyi, Fayrouz ko Barbican ga wanda malta baƙa ta gundure shi, kuma kowace ce a sha ta da sanyi sosai, gwangwani ɗaya ya wadatar a yini, mai ciwon sukari kuma ya tambayi likitansa tukuna. A sarin da na yi wannan mako na rage baƙar malta da katan biyar, na ƙara Fayrouz da uku, na kuma ware shiryayye guda a firiji na biyu don zoɓo da citta na matan unguwa, tare da sharaɗin su rage sukari su kuma rubuta ranar da suka haɗa a jikin kowace gora. Dilan ya sake kirana shekaranjiya yana tambaya ko zan karɓi koriyar kwalbar idan ya rage mini farashi, na ce masa ya kai ta Yamai, ni kuma ya nemo mini ƙananan gwangwanaye idan sun fito.